ME ZAN RUBUTA? ZAƁEN BATUN INSHA'I GA MAI NEMAN GURBIN KARATU

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar wa ɗaliban ajin ƙarshe a ranar taronmu na shekara-shekara)



Kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi magana a kan neman gurbin karatu bayan an gama sakandare. To, wannan fage ne mai faɗi, ɗan lokacin da aka yanka mini ba zai ishe shi ba. Saboda haka na ɗauki lungu guda daga cikinsa, wato insha'in nan da wasu makarantu da masu ba da tallafin karatu suke cewa ɗalibi ya rubuta game da kansa ya haɗa da takardunsa. A cikin insha'in ma ba zan taɓa nahawu ko tsarin sakin layi ba, wannan aikin malamanmu na Turanci ne, sun kuwa fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne tambayar da takan tsare ɗalibi tun bai ɗora biro a kan takarda ba: a kan me zan yi rubutun?

Da farko bari mu san wanda maganar ta shafa. Wanda zai shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Bayero ta Kano, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa mana a Babura a shekarar 2021, ba wanda zai ce masa ya rubuta labarin kansa. Hanyar ta JAMB ce, hukumar da aka kafa tun 1978: kiredit biyar, makin jarrabawa, sai tantancewar da makarantar za ta yi. Mafi yawanku ta wannan ƙofa za ku bi, kuma ƙofa ce mai daraja, ni ma ta ita na bi, da ita nake cin abinci yau.

Amma akwai waɗansu ƙofofin. Akwai makarantar African Leadership Academy da ke kusa da Johannasbag a Afirka ta Kudu, wadda ta buɗe a 2008, tana ɗaukar yara tsararku daga ko'ina cikin Afirka. Akwai shirin tallafin karatu na Gidauniyar Mastercard da aka soma a 2012, wanda ya yi haɗin gwiwa da jami'o'i irin su Ashesi da ke Gana da Makerere da ke Yuganda. Gwamnatin Turkiyya tana da nata shirin. Wanda zai nemi digirin farko a Birtaniya sai ya bi ta hukumarsu mai suna UCAS, wadda ke ba ɗalibi haruffa 4,000 kacal, kuma daga masu shiga a 2026 ta raba rubutun zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan fanni, yaya karatunka ya shirya ka dominsa, kuma me ka yi a wajen aji da ya shafe shi. A Amurka jami'o'i fiye da 1,000 suna amfani da fom guda mai suna Common Application, a cikinsa akwai insha'in kalma 250 zuwa 650, an ba da tambayoyi bakwai, ta bakwai ɗin kuwa cewa ta yi ka rubuta a kan duk abin da ka ga dama. Game da Amurka sai a yi hattara, domin a watan Disambar 2025 gwamnatinta ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai, don haka mai wannan niyya sai ya binciki halin da ake ciki kafin ya kashe ko kwabo. Sa'an nan ku da za ku yi digirin farko a gida, kada ku ce maganar ta wuce ku. Ranar da kuka gama bautar ƙasa kuka yi aikin shekara biyu, kuka nemi tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya domin digiri na biyu, tambayoyi huɗu za ku tarar suna jiranku, a kan shugabanci, da hulɗa da jama'a, da fannin da kuka zaɓa, da abin da za ku yi in kun dawo. Duk a rubuce ake amsa su.

Abin da ya sa na ga maganar ta kai a yi taro a kanta shi ne wannan. A 'yan shekarun nan ƙanne da yawa sun kawo mini irin wannan rubutu in duba musu. Yara ne masu ƙwazo, wani za ka ga sakamakonsa na WAEC ya fi wanda na fita da shi daga makarantar nan. Amma in ka karanta insha'in, sai ka nemi yaron a ciki ka rasa. Ka cire sunansa ka sa na wani yaro daga Sakkwato ko Kumasi, ba kalmar da za ta sauya. Gurbin da ake takara a kansa kuwa wani lokaci ya haɗa kuɗin makaranta da na abinci da na jirgi na shekara huɗu, abin da gidajenmu ba za su iya tarawa ba ko da an sayar da gona. Asarar irin wannan dama saboda shafi ɗaya na rubutu abin takaici ne.

Laifin ba na yaran ba ne kacokan. Insha'in da muka saba da shi a jarrabawar WAEC, mai kalma wajen 450, batun a gabanka ake ajiye maka shi: rubuta wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma, ko ka goyi bayan wannan magana ko ka soke ta. Mai makin yana duban Turancinka da tsarinka, bai damu da ko kai wane ne ba. A nan kuwa kiɗa ya sauya. Mai karanta insha'in neman gurbi ya riga ya ga makinka a wata takarda. Yana zaune ne da tarin rubuce-rubuce a gabansa, watakila ɗaruruwa, na yara waɗanda duk sun ci jarrabawa, 'yan mintoci kawai zai ba kowanne. Abin da yake nema shi ne ya ji muryar mutum: yaya wannan yaro yake tunani, me yake lura da shi, in abu ya cije masa me yake yi, kuma in an ba shi wannan dama zai iya ɗaukar nauyinta?

Batun da yaranmu suka fi rugawa gare shi shi ne wanda nake kira insha'in hidimar ƙasa. Yakan soma da cewa tun ina ƙarami nake da burin zama likita domin in taimaki al'ummata, Nijeriya ƙasa ce mai arziki amma tana fama da matsaloli, ilimi shi ne ƙashin bayan ci gaba, in aka ba ni wannan dama zan dawo in kawar da talauci da jahilci. Ba ƙarya a ciki, kuma niyya ce mai kyau. Illarta ita ce kowa ma haka ya ce. Ƙanensa shi ne insha'in tarihin gari. Sai yaro ya cinye rabin kalmominsa yana bayanin yadda Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, da yadda aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agustan 1991, da yawan ƙananan hukumominta 27. Duk daidai ne, amma ba Ɗan Tunku ne yake neman gurbin ba.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan damuna, wato insha'in kuka. An sa wa yaranmu a kai cewa Bature ba ya ba da tallafi sai ka sa shi hawaye. Sai ka ga yaro ya zauna yana zayyana talaucin gidansu, ba abinci, ba takalmi, har da abin da bai faru ba. Wani ma ya kashe mahaifinsa a takarda alhali tsohon yana nan garau yana zuwa gona. Wannan ramin ƙarya ne, ƙurarre kuwa, domin shirye-shiryen da ke ba da cikakken tallafi sukan kira ganawa, su tambayi wasiƙar malamai, wasu har da takardun shaidar halin gida. Ko da labarin gaskiya ne, ku lura da abu guda: wahala ita kaɗai ba ta gaya wa mai karatu komai game da kai, domin ba kai ka zaɓe ta ba. Abin da ka yi a cikinta shi ne naka. Yarinyar da mahaifiyarta ta kwanta jinya wata shida, ita ta riƙe ƙannenta huɗu da sana'ar ƙuli-ƙulin gidan, ba ta kuma fasa zuwa aji ba, tana da abin rubutawa. Amma nauyin rubutun sai ya faɗa a kan yadda ta raba lokacinta, da yadda ta gane cewa a wurin man gyaɗan ribar take ba a wurin ƙulin ba, da ranar da ta yanke shawarar daina ba da bashi. Ciwon uwa layi biyu ya ishe shi. Sa'an nan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai asirin gida da ba naka ne kai kaɗai ba, rabuwar aure, rikicin gado, ciwon da ake rufa wa asiri. Duk abin da ba za ka iya karanta wa mahaifiyarka a gabanta ba, kada ka aika wa baƙo shi don neman kuɗi.

Na ƙarshensu shi ne kayan aro, wanda ba ya rufe katara. A da shagon kafe ake zuwa a biya a buga wa mutum wanda aka riga aka buga wa wasu goma. Yanzu tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, a waya ma ake yi. Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2007 hukumar UCAS ta binciki takardun masu neman gurbi 50,000, sai ta tarar mutum 234 kowannensu ya ce yana ɗan shekara takwas ya ƙona rigar barcinsa, daga nan sha'awar kimiyya ta kama shi. Riga ɗaya, yara 234! Ashe daga intanet duk suka kwaso. Tun daga lokacin hukumar take bi ta kan kowace takarda da na'urar gano satar rubutu. Ita kuwa manhaja za ta ba ka Turanci mai santsi, amma ba ta taɓa zuwa Gwiwa ba, abin da za ta rubuta maka shi ne insha'in hidimar ƙasa ɗin nan da muka gama magana a kansa, an dai goge shi da man shafawa.

To, in an bar waɗannan, me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da kuka sani da hannunku da idonku, wanda saboda sabo ba ku ɗauke shi a bakin komai ba. A nan nake son in daɗe.

A ɗauka akwai yaro daga wajen Kazaure, mahaifinsa manomin rani ne, yana son karanta aikin gona. In ka tambaye shi me ya taɓa yi, zai ce ba komai, gona kawai yake zuwa. Amma a gidansu ya ji labarin shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki don rashin abin sarrafawa. Shi da kansa ya ga dawowarta a wasu shekarun. Ya lura cewa cikin ganyen take shiga ta yi rami, shi ya sa feshin da ake yi a sama ba ya cika kai mata. Ya ga maƙwabcinsu ya ninka magani ya yi asara biyu, ta kuɗin magani da ta amfani. Watakila shi ya shawo kan babansa suka ware kunya biyar suka gwada wata dabara da malamin gona ya faɗa, suka bar sauran yadda aka saba, ya riƙa ƙirga kwanduna yana rubutawa a bayan littafin lissafinsa. Jama'a, wannan ai gwajin kimiyya ne, ko da gwajin bai yi nasara ba. In kuma ya ɗan yi bincike ya gano cewa asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya shigo Sifen a 2006 kafin ya tsallako Afirka, to ya haɗa gonar babansa da duniya ke nan a shafi ɗaya. Wane ɗan birni ne zai iya rubuta wannan?

Ko ku ɗauki ɗan Babura mai son karanta tattalin arziki ko hulɗar ƙasa da ƙasa. A kan idonsa aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A Nuwambar 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin da aka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Malaman jami'a a Landan karanta wannan suke yi a jarida. Shi kuwa yaron ya san yadda kuɗin mudun shinkafa ya motsa a shagon kawunsa mako-mako, ya san abin da ya sami ɗan acaɓa da aka ce ya je garin da ke nesa neman mai, ya san yadda canjin naira da sefa yake juyawa, kuma ya san kakarsa ta wajen uwa tana can ɓangaren Magarya, an yi rasuwa a dangi zuwa ta'aziyya ya zama aiki. Kada ya ce zai rubuta a kan rufe iyaka gaba ɗaya, wannan littafi ne. Ya ɗauki littafin bashin shagon kawunsa na wata uku, ya nuna abin da ya karanto a cikinsa.

Haka yarinyar da ke son likitanci. Maimakon ta ce tana tausayin marasa lafiya, ta ba da labarin ƙanenta da ke wanka a dam tare da sauran yara, ya soma fitsarin jini, tsofaffi suka ce ai alamar girma ce. Ita kuwa a ajin ilimin halittu ta ji cewa tsargiya ce, ƙwayar cutar a jikin dodon koɗin ruwa take renuwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga, kuma akwai ƙwayar magani da ke kashe ta. Yaya ta yi ta faɗa wa kakarta wannan ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba? Wa ta bi ta wurinsa? Me aka ce mata? Wannan tambaya ta yadda ake shigar da ilimi gida ba a ɓata da manya ba, ita ce rabin aikin likita a ƙasarmu, kuma mai karatu zai gane yarinyar ta riga ta ɗanɗana ta.

Ɗan Roni ko Gwiwa mai son injiniyanci ko ilimin ƙasa ya tambayi kansa me ya sa a garinsu ake haƙa rijiyar burtsatse a ci karo da dutse a tashi a tutar babu, a matsa gaba kaɗan kuma a sami ruwa. Yankinmu na arewa maso yamma a kan tsohon dutse yake zaune, ba kamar gabashin jihar mai rairayi ba, ruwan ƙasa a cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa yake taruwa. Wanda ya yi shekaru yana tura kurar ruwa kafin ya zo makaranta ya fi kowa hujjar son sanin wannan. Wanda ya zauna a rumfar POS ta yayansa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 yana da nasa. Mai tsinkar zoɓo da ya gano cewa buhunan da dillalai ke tarawa har Meziko ake kai su, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda muke sha, shi ma yana da nasa. Mai koyar da ƙananan yara a Islamiyya da yamma, mai gyaran waya, mai kiwon tumakin sallah, duk haka.

Ku lura, cikin misalan nan babu wanda ya ci gasar ƙasa ko ya kafa ƙungiya. Batun ƙarami ne, zurfinsa ne babba. Ga yadda nake ba ƙannena shawara su tono shi. Ka sami takarda ka rubuta abubuwa goma da ka taɓa yi da hannunka fiye da sau ɗaya, ko aka ɗora maka nauyinsu, ko suka ɗaure maka kai har ka yi tambaya a kansu. Da Hausa za ka rubuta, kada ka soma da Turanci, domin da ka soma da Turanci kalmomin littafi za su zo su kore naka tunanin. Sa'an nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya uku. Shin abokin zamana a benci zai iya sa hannu a ƙarƙashin wannan labari a yarda nasa ne? In zai iya, soke shi. Shin akwai rana guda, da wuri guda, da abin da ni na yi ko na yanke, ko kuwa kallo kawai na yi? In kallo ne kawai, ajiye shi gefe. Shin in aka zaunar da ni minti goma ana yi mini tambayoyi a kansa, zan ƙara samun abin faɗa ko zan ƙafe? Abin da ya tsira daga waɗannan, cikin goma ba zai wuce biyu ko uku ba. Ka ba wa wani labarinsu da baki, wanda ka ga ya gyara zama ya ce sai me ya faru, shi ne batunka. Guda ɗaya za ka ɗauka, ba a tauna taura biyu a kalma 650.

Bayan haka sai a dubi wanda ake rubuta wa, domin ba duka suke son abu ɗaya ba. Jami'o'in Birtaniya fannin karatun ne a gabansu, labarin tumatir layi kaɗan zai ci, sauran ya tafi ga abin da ka karanta da abin da ka fahimta a ilimin tsirrai da ƙwari. Na Amurka sun fi son labarin da halin mutum. Masu tallafi irin Mastercard da Chevening suna son su ga shugabanci da niyyar dawowa gida, Chevening ma sharaɗi ne ka dawo ƙasarku ka yi aƙalla shekara biyu. Shugabanci kuwa ba sai ka riƙe muƙamin hedboi ba, wanda ya shawo kan babansa aka ware kunya biyar ya yi shugabanci. Batu ɗaya zai iya yi maka aiki a wuri uku, amma kowane wuri da ɗinkinsa. Ka karanta tambayar da aka yi sau uku, ka amsa ita, ba wadda ka so a yi maka ba.

Saura magana ɗaya da na san tana cin ran wasunku, musamman ƙannena mata. An rene mu a kan kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci. In aka yaba maka a gaban manya sunkuyar da kai kake yi. Yanzu kuma ga takarda tana cewa ka faɗi abin da ka yi. Ni ban ga saɓani a nan ba. Yabon kai shi ne ka ce ni haziƙi ne, ni mai ƙwazo ne, ni shugaba ne tun haihuwa, kuma irin waɗannan kalmomi su ne ma suke kashe insha'i. Amma ka ce na ƙirga kwanduna na tarar ɓangaren da muka gwada ya ba da kaza, ɗayan ya ba da kaza, wannan shaida ce, ba yabo ba, mai karatu shi zai yanke hukunci. Ka ambaci wanda ya taimake ka, ka faɗi inda abin ya gagara, duk wannan ƙara maka ƙima zai yi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ɓuya a bayan "mun yi" da "an yi" daga farko har ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wurin da kai ka yi, ka ce na yi.

Game da Turanci kuwa, kada ku tsorata. Gajerun jimloli masu ma'ana sun fi manyan kalmomin da aka tsinto a ƙamus. In kalma tamu ce da ba ta da takwara, irin gayya ko adashi, ka sa ta yadda take ka yi mata bayani a layi ɗaya, sau da yawa ita ce za ta tsaya wa mai karatu a rai. Malami ko yaya ya duba maka kurakurai, ya nuna maka inda bai gane ba, amma kada ya rubuta maka. In babba ya sa hannu da yawa, rubutun yakan fito da muryar ɗan shekara arba'in, masu karatun kuwa sun san muryar ɗan shekara goma sha bakwai. Kuma a soma da wuri. Yawancin waɗannan fom ana rufe karɓarsu ne tsakanin Oktoba da Fabrairu, wato wata da watanni kafin a shiga makarantar, don haka hutun ƙarshen shekarar karatu shi ne lokacin tonon batu, ba daren da za a rufe ba.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe Shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. Muna sayen benci, muna gyara rufin aji, wannan duk ya yi kyau. Amma a cikinmu akwai malaman jami'a da likitoci da injiniyoyi da waɗanda suka yi karatu a waje da irin wannan tallafi. Ina ba da shawara a sami mutum goma da kowannensu zai ɗauki ɗalibai uku, ya zauna da su sau biyu a zango, ya saurari jerin abubuwa goman nan, ya yi musu tambayoyi, ba tare da ya taɓa biro ba. Ni na sa sunana na farko a wurin Sakatare, takardar tana kan teburinsa, mai niyya ya biya kafin a tashi. Ku kuma ƙannena, ranar da aka dawo hutu kowa ya zo da jerinsa ya miƙa wa malamin ajinsa, daga nan za mu karɓa.